WAYAR HAƘORI BA ƊAN KUNNE BA CE

  

Duk wadda ta saba karanta littattafanmu na soyayya ta san yadda ake siffanta tauraruwar labari. Za ki ji an ce doguwa ce sambal, mai dara-daran idanu, gashi har gadon baya, in ta yi murmushi kuma sai fararen haƙoranta su bayyana a jere reras, ga 'yar siririyar wushirya a tsakiya. To wannan a takarda ke nan, inda alƙalami ke jera haƙora yadda ya ga dama. Amma ki leƙa kowane aji na makarantar 'yan mata, za ki tarar da wadda nata suka hau juna, da wadda na samanta suka turo gaba har leɓe ba ya rufuwa, da wadda fiƙarta ta ɓullo can saman dasashi ita kaɗai kamar an yi mata korar kare. Irin waɗannan ba sa dariya sai da gefen hijabi a baki.

Cikin saƙonnin da kuke aiko mini, tambaya a kan wayar haƙori, wadda 'yan boko ke kira buresis, ta yi yawa. Wata ta ce ana tsokanarta a makaranta, wata ta ce bikinta ya matso, wata kuwa lafiyar haƙoranta lau, kawai ta gani ne a bakin 'yan TikTok ya burge ta. Amsata gare ku duka ɗaya ce: wayar nan magani ce, aikin asibiti ce, tana da likitanta, tana da lokacinta. Wadda ke buƙatarta kada ta ji kunyar nema, wadda ba ta buƙata kuma ta rufa wa bakinta asiri.

YARINYAR GIDAN KAWU

Ni mutuniyar Gude ce ta ƙaramar hukumar Kabo, nan yamma da Kano ta hanyar Gwarzo. A gidan kawuna akwai wata ƙanwata, shekarunta 13, tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Tun tana goye take tsotson babban yatsa, ba ta daina ba har ta yi famfara, sababbin haƙora suka fito. Na gaba guda biyu na sama suka miƙo waje, in ta rufe baki sai su kwanta a kan leɓen ƙasa. 'Yan ajinsu suka laƙa mata suna Zomanya. Yarinyar da a da ita ce ta farko wajen ɗaga hannu, sai ga ta a kujerar baya, ko malami ya kira sunanta sai dai ta sunkuyar da kai. Da sakamakon zangon ya fito, ta tashi daga sahun gaba ta koma tsakiya.

Ranar da na tayar da maganar a tsakar gida, Gwaggo na tsinke zogale, ta ɗago ta dube ni.

"Ke 'yar nan, wace irin fitina ce kuma kika kwaso daga birni? Haka Allah ya halicce ta. Mu da muka yi zamani da fure da goro, wa ya taɓa ɗaura mana ƙarfe a baki?"

Na ce, "Gaskiyarki Gwaggo, Allah ya ƙara girma. Amma da ƙafarta ce ta karkace, ai da tuni an kai ta wurin mai ɗori."

Ta yi shiru, can ta ce, "To ai sai ki gaya wa uban nata."

Kawu bai yi musu ba, tambayarsa ɗaya ce, nawa ne, kuma sau nawa za a je? Na ce masa sai likita ya gani. Muka yi sammako muka hau motar Kano, muka bi ta Rimin Gado da Janguza muka sauka a Kabuga, daga nan muka shiga adaidaita sahu zuwa asibiti. Ita a zatonta a ranar za ta dawo Gude da waya a baki. Ina! Ranar farko dubawa kawai aka yi. Aka ɗauki hoton ƙashin muƙamuƙinta, aka cusa mata wani abu mai laushi kamar ƙullin alawar madara aka ɗauki siffar haƙoran, aka gano turmi ɗaya ya fara rami. Likita ya ce sai an cike ramin, an wanke dattin da ya daskare a gindin haƙora, sannan a yi maganar waya. Ba a ɗora gini a kan rubabben tushe.

Wata 20 ta yi da waya. Yau in ta yi dariya har turamenta ake gani, kuma ta koma kujerar gaba.

ME KE SA HAƘORA SU KARKACE?

Yaro na da haƙoran nono guda 20, babban mutum kuwa 32 in an haɗa da turame huɗu na can ƙurya masu fitowa bayan an girma. Famfara na farawa wajen shekara 6, ta ƙare wajen shekara 12. A wannan tsakanin ne yawancin matsala ke kunno kai.

Wani abin gado ne. Yarinya ta ɗauko ƙaramin muƙamuƙin uwa da manyan haƙoran uba, kin ga wuri ya yi kaɗan, dole a yi cunkoso kamar motar kasuwa. Wani kuma mu ke jawo shi. Tsotson yatsa in ya wuce shekara 4 ko 5 yana tura haƙoran sama waje, ya danne na ƙasa ciki. Haka turo harshe tsakanin haƙora, da kwana da baki buɗe saboda toshewar hanci.

Akwai kuma wanda iyaye ba su cika lura da shi ba. Haƙorin nono in ya ruɓe saboda alewa da lemon kwalba, sai a ce, "Bar shi, ai na famfara ne, wani zai fito." Alhali kuwa shi ke tsare wa na dindindin wurinsa. In aka cire shi lokaci bai yi ba, maƙwabtansa sai su matso su cinye filin, ranar da mai wurin ya tashi fitowa ya rasa hanya, sai ya ɓullo ta gefe ko ta sama. Sannan ki sani, turmin farko na dindindin yana fitowa ne wajen shekara 6 a bayan haƙoran nono, ba tare da wani ya faɗi ba. Uwaye da yawa na ɗaukarsa na famfara ne, su bar shi ya lalace, shi kuwa ba shi da magaji.

Shi ya sa ƙungiyar likitocin daidaita haƙora ta Amurka ke ba da shawarar a kai yaro a duba shi kafin ya wuce shekara 7. Ba wai don a sa masa waya a lokacin ba, a'a, don in akwai abin da ke tahowa a tare shi da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ke da kike da ƙanne a gida, yau da daddare ki kira su ɗaya bayan ɗaya ki ce su buɗe baki ki gani.

Kuma kada ki ɗauka maganar kyau ce kawai. Haƙoran da suka hau juna buroshi ba ya shiga tsakaninsu, abinci ya maƙale, ga ruɓewa ga warin baki. Waɗanda suka turo gaba su ne na farko wajen karyewa in yaro ya faɗi a wajen wasa. Wasu kuma tauna ke yi musu wuya, wasu furucin wasu haruffa.

DAGA INA ABIN YA FARO?

Ba yayin jiya ba ne. Tun a shekarar 1728 wani likita ɗan Faransa mai suna Piya Fosha ya rubuta littafi a kan aikin haƙori, a ciki ya bayyana wani lanƙwasasshen ƙarfe mai siffar kofaton doki da ake ɗaure haƙora a jikinsa. Amma wanda ake kira uban wannan fanni shi ne Edwad Angul na Amurka. A 1899 ya kasa karkacewar haƙora gida uku, ta hanyar duban yadda turmin farko na sama ke zama a kan na ƙasa. Kashi na ɗaya, turamen sun zauna daidai amma sauran haƙora sun cunkushe ko sun juya. Kashi na biyu, na sama sun yi gaba, irin na ƙanwata. Kashi na uku, na ƙasa ne suka wuce na sama, haɓa ta turo. A 1900 ya buɗe makarantar koyar da wannan aiki a birnin San Luwis, kuma har gobe likitoci na amfani da rabon nan nasa.

Kin ga ke nan abin da ke bakin ƙawarki ba lallai shi ne a naki ba, balle a ce magani ɗaya zai yi muku.

YAYA WAYA KE MOTSA HAƘORI?

Nan ne nake so ki natsu, don in kin gane wannan ba mai yaudararki. Haƙori ba a kafe yake a ƙashi kamar ƙusa a katako ba. Tsakanin saiwarsa da ƙashin muƙamuƙi akwai wasu siraran zaruruwa masu rai da ke riƙe da shi. Likita na manna 'yan ƙananan ƙarafa a fuskar kowane haƙori, ya zura siririyar waya ta cikinsu, ya ɗaure da 'yan robobi, su ne masu launi-launin nan da ke ɗaukar idon 'yan mata. Wayar na tura haƙori a hankali dare da rana. Ƙashin da ke gabansa sai ya riƙa narkewa kaɗan-kaɗan yana ba shi hanya, a bayansa kuma sabon ƙashi na ginuwa yana cike gurbin. Tafiyar ba ta cika wuce milimita ɗaya a wata ba, wato ko faɗin ƙwayar gero bai kai ba.

Shi ya sa aikin ke ɗaukar shekara ɗaya da rabi zuwa biyu ga yawancin mutane, wani ya fi haka, kuma duk bayan mako 4 zuwa 8 sai an koma an gyara ɗaurin. In aka matsa da ƙarfi don a yi sauri, jini ya daina isa, saiwa ta gajarce, haƙori ya mutu ko ya fara girgiɗi. Ƙarfin da za a sa da inda za a tura, su ne ilimin. Mai yin wannan aiki sai ya gama karatun likitan haƙori, sannan ya ƙara wasu shekaru yana koyon daidaitawa kaɗai.

Waya iri-iri ce. Akwai ta ƙarfe wadda aka fi sani, ita ce mafi sauƙin kuɗi. Akwai mai launin haƙori da ba a cika gani daga nesa ba. Akwai wadda ake mannawa ta bayan haƙora. Akwai kuma roba garai-garai mai kama da murfi, irin su Invisalign da suka shigo a ƙarshen shekarun 1990, ana cirewa a ci abinci a mayar, amma sai ta zauna a baki awa 20 zuwa 22 kullum, kuma ba kowace matsala take gyarawa ba.

WAYAR BOGI: GARIN NEMAN GIRA

Yanzu ga abin da ya fi tayar mini da hankali. An wayi gari waya ta zama ado, alamar gidansu akwai maiƙo. Sai wasu da ko ƙofar makarantar likita ba su taɓa takawa ba suka mai da ita sana'a, a shagon kwalliya ko a ɗaki, ana tallarta a waya kamar atamfa.

Wata ƙawata da muka gama sakandare tare, haƙoranta a jere suke tsaf, ni shaida ce. Ana saura wata biyu bikinta ta je wani shago a birni aka manna mata, wai don hotunan kafin biki. Na ce, "Haba ƙawata, me ya yi zafi?" Ta ce, "Ke dai bari, ai ta ado ce, ba ta komai." Ba a yi mako uku ba dasashinta ya kumbura, in ta goge baki sai jini. Kafin ranar kamu haƙoran gaba biyu sun buɗe sun karkace, ɗaya na motsi. Amarya ta yi zaman lalle da baki a kumbure, kuɗin da aka ware na wasu kayan ɗaki suka tafi asibiti. Garin neman gira aka tashi rasa ido.

'Yar uwa, waya ba ta san wasa ba. Muddin an manna ta, an zura ƙarfe, to turawa za ta yi, ko likita ya sa ko mai kitso. Bambancin kawai, likita ya san inda yake kai haƙorin. Ga gam ɗin da ba a san irinsa ba, ga kayan aikin da aka sa a bakin wata aka sa a naki ba a dafa ba, hanyar ɗaukar ciwon hanta ke nan. Ba mu kaɗai abin ya taɓa ba. A ƙasar Tailan yayin ya yi ƙamari har a shekarar 2006 hukuma ta tashi haiƙan ta hana sayar da wayar bogi, saboda tsoron gubar dalma a jikin ƙarafan da haɗarin haɗiye su.

Haka batun wushirya. Turawa na lissafa ta cikin abin gyara, mu kuwa a wurinmu ado ce. In Allah ya ba ki taki kuma bakinki lafiya, ki bar abarki. Amma masu zuwa a goge musu haƙora da zarto don a ƙirƙiro ta, su sani farin ɓawon nan na haƙori in ya tafi ba ya dawowa. Abin da ke biyo baya shi ne tsami in an sha ruwan sanyi, daga baya haƙorin ya yi baƙi.

Na san za ku ce, to ya hukuncin abin a addini? Malamai sun bambanta gyaran lahani da canza halitta don ƙawa. Hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim daga Abdullahi ɗan Mas'ud mai tsawatarwa ga mata masu buɗe tsakanin haƙoransu don neman kyau. A ɗaya gefen kuma an ruwaito Manzon Allah (SAW) ya umarci sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a wani yaƙi, ya sa na zinare bayan na azurfa ya yi wari. Da irin wannan ne malamai da yawa suka halatta daidaita haƙoran da suka karkace. Mai son ƙarin bayani ta tambayi malaminta na Islamiyya.

MANYA FA, SUN MAKARA?

Sam. Na san wata matar aure mai 'ya'ya huɗu da ta sa tana da shekara 34. Ƙashi na narkewa yana ginuwa muddin mutum na da rai. Abin da ya bambanta shi ne, yarinya 'yar 11 zuwa 14 muƙamuƙinta na kan girma, likita na iya bin girman ya juya shi. Na babba ya riga ya tsaya, don haka aikin kan fi jan lokaci, wani lokacin sai an cire haƙori ɗaya ko biyu don a sami fili, in kuma ƙashin ne kansa ya goce sosai sai an haɗa da tiyata. Mai ciwon dasashi sai ta warke tukuna. Mai juna biyu kuma ta faɗa wa likita tun kafin a ɗauki hoto.

Ke kuma amaryar gobe, ki cire rai da cewa wata uku zai isa. Ko ki fara da wuri, ko ki yi bikinki da wayarki, ko ki bari sai kin tare. Saurayin da zai fasa saboda ƙarfe a baki, wallahi da ma can ba ke yake so ba.

IN KIN YANKE SHAWARA

Ga mu mutanen Gude da Kabo da Gwarzo, aikin nan sai an shiga Kano. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, inda ɗaliban likitan haƙori na Jami'ar Bayero ke koyon aiki, yana da sashen haƙori, akwai kuma asibitoci masu zaman kansu. Ko ina za ki, ki tabbata likita ne mai rajista da hukumar likitoci da likitocin haƙori ta Nijeriya. Duk wanda ya ce zai manna miki yau-yau ba hoto ba bincike, ɗauki jakarki ki fito.

Kuɗi kam ba zan ɓoye miki ba, akwai su. Maganar dubban ɗaruruwan naira ake yi, wani wurin har ta haura miliyan. Ki tambaya ko ana biya kashi-kashi. Sannan a zauna da Baba a yi lissafin kuɗin mota, don zuwa wajen 15 ko 20 ne daga Gude, ga ranakun makaranta da za a rasa. Wanda ya fara ya tsaya a tsakiya, gara ma wanda bai fara ba, domin wayar da aka bari ba kulawa ɓarna take yi.

Kwanaki uku zuwa biyar na farko haƙora za su yi tsami, ƙarfe ya goge cikin kumatu. Lokacin koko ne da kunun gyaɗa, fura da nono, alala da tuwo mai laushi miyar kuka. Bayan nan kuma akwai waɗanda za ki yi wa sallama har sai an cire: rake, goruba, aya, ƙuli-ƙuli, gasasshiyar masara, goro, cingam, alewa mai danƙo, da tauna ƙashi ko ƙanƙara. Na san goruba ce za ta fi yi wa 'yan garinmu ciwo, to a yi haƙuri. Nama da kilishi a yayyanka ƙanana a tauna da turame.

Goge baki kuwa ya zama bayan kowane cin abinci, da buroshi mai laushi da man goge baki mai sinadarin fulorayid, a bi saman ƙarafan da ƙasansu. Asuwaki na da kyau, amma a bi a hankali kada ya ɓalle ƙarfe, kuma ba ya shiga ƙarƙashin waya. Mai ƙyuya ranar da aka cire za ta tarar da fararen tabo zagaye da inda kowane ƙarfe ya zauna, wannan farkon ruɓewa ne.

Abu na ƙarshe da 'yan mata ke wasa da shi: ranar cire waya ba ita ce ranar gamawa ba. Haƙori na da son komawa gidansa na da. Don haka za a ba ki wani mariƙi da ake kira ritena, ko na roba da za ki riƙa kwana da shi, ko siririyar waya a bayan haƙora. In kika jefa shi ƙasan akwati, wahalar shekara biyu da kuɗin Baba sun bi ruwa.

Ku kuma masu laƙa wa 'yan ajinku sunaye, ku ji tsoron Allah. Ba wadda ta zaɓi bakin da za a haife ta da shi, kuma kalma ɗaya tana iya raba yarinya da karatunta. Wadda kuma halin gidansu bai kai ga waya ba, kada ki sa wa ranki damuwa. Ki tsaftace waɗanda Allah ya ba ki, ki tare ramin tun yana ƙarami, ki ɗaga hannunki a aji ki ba da amsa da ƙarfi. Lokaci na nan, tunda kin ji ko a shekara 30 ana yi.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani, ya ba iyayenmu abin yi mana hidima. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in mai duka ya kai mu.

Taku har kullum.